Ranar da Kaka Ya Je Jajen Alkama

Wata Asabar ce a farkon watan Yuli, shekarar da na cika goma, muka wayi gari muka tarar da Kaka zaune a bakin ƙofar flat ɗinmu na Tottenham, jakarsa a ɗaure, buta a gefe, yana cewa a kai shi filin jirgi. Mahaifin Abbana ne, manomi daga wani ƙauye a bayan Funtua, an kawo shi London ne a cire masa yanar ido. An yi na dama lafiya, saura na hagu nan da mako uku, shi kuwa ya ce ido ɗaya ya ishe shi kallon abin da ya rage masa a duniya. Wata biyu ke nan, in ji shi, ƙafarsa ba ta taka ƙasa ba, daga kafet sai lif, daga lif sai kwalta, mutum yana kwana a hawa na tara kamar balbela.

Ni ce hankalina ya fi tashi. Ni ke ɗiga masa magani a ido safe da yamma, ni ke shayar da geron da ya shuka a gwangwanin madara a bakin taga, wanda ya fito siriri ya kwanta. Shi ya koya mini dara da marufan kwalba. Amarya yake kirana, in ya yi mini Hausa in amsa da Turanci, sai ya ce wannan auren Baturiya da ya yi bai ga ribarsa ba. Na ji likita ya ce in aka bar idon nan zai rufe gaba ɗaya, na kuma san in Kaka ya hau jirgi ba zai dawo ba.

Abba yana da sabuwar kyamarar bidiyo da yake neman dalilin nuna ta, yana kuma da wata jarida da ya adana, mai hoton gonar alkama a Wiltshire inda aka wayi gari aka ga an kwantar da shuka an zana manyan da'irori, wai ba a san wanda ya yi ba. Sai ya durƙusa ya ce, "Baba, ku bari mu kai ku gona tukuna." Bai faɗi wace irin gona ba. Kaka ya yarda, amma da sharaɗin a sa jakarsa a but ɗin mota.

Da muka isa Abba ya miƙa mini kyamara, domin shi so yake a gan shi a ciki yana bayani kamar mai karanta labarai. Muka bi sawun tarakta har tsakiyar gona. Abin da jarida ba ta faɗa ba shi ne, daga sama ake ganin zanen, in kana ƙasa alkama kawai za ka gani a kwance. Ga Turawa zazzaune a kanta ba takalmi, kowa ya rufe ido ya yi tsit, wata mata har hawaye take. Kaka ya dubi alkamar ya yi salati, ya tuɓe takalminsa, ya nemi wuri ya zauna cikinsu ya ɗaga hannu ya yi addu'a. Ya jawo ni ya raɗa mini, "Amarya, ashe Turawa sun san zumunci." Shi a zatonsa dangin mai gona ne suka zo zaman jaje.

Da guntuwar Hausata na gaya masa ba jaje suke ba, murna suke, sun ce wasu halittu ne daga sama suka sauko suka yi zanen. Kaka ya buɗe idonsa mai kyau ya ƙare musu kallo. Ya tashi ya kama zagaye a sunkuye, yana ɗaga kara yana duba inda ya karye, har ya kai tsakiyar da'irar ya zura yatsa cikin wani ɗan rami. Ya ce turke aka kafa a nan aka ɗaura igiya aka zagaya, haka ake zana gindin rumbu tun kafin a haifi ubansa. Wani mai dogon gemu ya matso ya tambayi me dattijo ya ji a jikinsa. Kaka ya ce a faɗa masa 'yan iskan gari ne marasa aikin yi. Abba ya yi murmushi ya ce da Turanci wai abin ya ratsa dattijo ƙwarai.

Daga nan Kaka ya ce a nuna masa gidan mai gona. Abba ya shiga roƙo, yana cewa nan ba a yin haka, ba ka zuwa gidan mutum sai ka yi booking, wato ka nemi izini tun da wuri, za a iya kira mana 'yan sanda. Kaka ya ce, "A wace ƙasa ake yi wa mutum ɓarna a wuce ba a ce masa sannu ba?" Ya kama hanya, muka bi shi, ni ina tuntuɓe da kyamara.

Mai gonar ya fito da karensa, ƙato, fuska jajir, tun daga nesa yake faɗa yana nuna mana hanyar fita. Kaka bai ji ko kalma ɗaya ba, saboda haka bai tsaya ba. Ya kama hannun mutumin da hannu biyu ya ce, "Ashe abin da ya faru ke nan. Sannu. Allah Ya mayar da alheri." Turancin Abba ya gudu ya bar shi, ni na fassara. Bature ya daina faɗa. Can ya ce kwana goma ana tattaka masa gona, babu wanda ya ce masa haka sai yau.

Suka nufi inda alkama take tsaye, kowa ya tsinki zangarniya ya murza a tafin hannu, ya hure ƙaiƙayi, ya tauna. Kaka ya ɗaga yatsu huɗu, wato saura mako huɗu girbi. Bature ya girgiza kai ya ɗaga biyar. Suka yi ta musu da yatsu ba tafinta, daga ƙarshe mutumin ya kai mu rumfa ya nuna wa Kaka injin da ke yanka ya sussuka ya sheƙe a tafiya ɗaya, ya ce ya dawo ranar girbi ya hau. Da motarmu ta shigo Tottenham, Kaka ya juyo ya dubi Abba. Ya ce, "Wannan inji ba da ido ɗaya ake kallonsa ba." Da kansa ya ɗauki jakar ya shiga lif.

An yi aikin idon, ya koma gonar ya hau injin, kuma mako huɗun ne ya cika, abin da ya yi ta ba da labari har ƙarshen ransa. Kaset ɗin bidiyon kuwa da muka kunna, Umma ta yi dariya har da riƙe ciki, domin babu da'ira ko ɗaya a ciki, Abba ma daga wuya zuwa ƙasa kawai ya fito. Yanzu a Edmonton nake, yarana suna kallon irin zanen nan a waya, an ɗauko daga sama tsaf, ba sa tambayar gonar wa ce. Ni in kewarsa ta taso mini, tsohon bidiyon nake kunnawa in wuce bayanin Abba, in tsaya inda hannuna ya gaji kyamara ta sunkuya. Ba a ganin fuskar kowa, sai tafin hannu biyu, baƙi da fari, da ƙwayar alkama a ciki. Ashe abin da muka je ɗauka ke nan.