Na'urar Makaranta da Yumɓun Kakata

Ko zan manta komai na shekarun karatuna, ba zan manta hutun da na je Jabo da na'urar makaranta a jaka ba. Ina shekarar ƙarshe a jami'a, aka ba ni aikin auna wani tiriri marar ganuwa da ƙasa da duwatsu ke fitarwa. In na'urar ta ji shi sai ta riƙa ƙyas-ƙyas. Ni kuwa lokacin kaina ya gama kumbura, gani nake duk garin ba mai ilimina.

Kakata maginiyar tukwane ce, randunanta har kasuwar Tambuwal ake kai su. Na tarar tana cuɗa yumɓu, na kara na'urar don burga kawai. Sai ƙarar ta ƙaru.

"Maigida, mi abin ga ka faɗi?" in ji ta, don da wannan sunan take tsokanata.

"Tiriri na, Kaka. In ya yi yawa shina sa ciwon daji."

Ta bar yumɓun, ta wanke hannu. Ban ko lura ba, na koma makaranta abina.

Da malamina ya duba awon sai ya yi dariya, ya ce wannan ai na yau da kullum ne. Mutanen farko da suka kwana a kogon dutse, kai har halittun da suka riga mutum zuwa duniya, duk cikin tiririn nan suka rayu. Yana cikin geron da muke ci, yana cikin jikinmu. Yumɓu ya ɗan ɗara rairayi, shi ke nan.

Sai bayan sati uku na koma gida. A bayan ɗakinta na ga tulin tsingaro. Aikin rani guda ta farfasa da hannunta.

"Ni ban saida ma mutane ciwo su kai ma ɗiyansu," ta ce.

Na durƙusa na yi bayani har bakina ya bushe. Ta shafa kaina.

"Na jiya, maigida. Amma hannun ya yi sanyi."

Ba ta sake gina ko kasko ba har Allah Ya karɓi abinSa. Wallahi har yau ina kewar zama gefenta tana aiki tana yi min tsiya. Yanzu ni ma koyarwa nake yi, kuma abin da nake fara gaya wa ɗalibaina shi ne: in rabin magana ka sani, kada ka faɗa wa wanda ya yarda da kai.