Sunan Yayana Ba Ya Cikin Takardarmu

A shekarar da aka fara barin mata su yi zaɓen majalisar baladiyya, wato ta ƙaramar hukuma, a nan Makka, ni ce sarkin rawar kai a unguwarmu. A unguwar Hindawiyya aka haife ni, kakanninmu Kanawa ne da aikin Hajji ya kawo, kuma ba a biki ko ta'aziyya a gidan Bahaushe ban leƙa ba. Shi ya sa da yayana ya ce zai tsaya takara don a gyara mana hanyar hawa dutsen da gidajenmu suke kai, wadda motar asibiti ba ta iya bi, na bugi ƙirji na ce ya bar mini mata.

Abu ɗaya ya roƙe ni, in je wurin rajista in duba taswira, in tabbatar layukanmu na cikin da'irarsa, wato yankin da zai tsaya. Shi tun da ya yi aure yake zaune a ƙetaren sabon titi, tafiyar da ba ta isa a nemi tasi ba. Na je, na tarar da cunkoso, ga zafi, ga taswira cike da launuka kamar zanen gado. Na ce a raina wace takarda ce za ta koya mini unguwar da na yi rarrafe a cikinta? Na dawo na ce masa na duba, komai daidai. Ƙarya na yi.

Daga nan ban zauna ba. Gida-gida nake bi, ina jan tsofaffi da 'yan matan da Hausarsu ta fara guduwa, duk mai shaidar ɗan ƙasa sai da na kai ta rajista. Wata ma'aikaciya ta so ta nuna mini lambar da'irar da ke jikin katinmu na zaɓe, na katse ta, na ce mun san gidanmu.

Ranar zaɓe wata gwaggo mai ciwon gwiwa ta fito riƙe da hannun jikarta, ta tambaye ni a hankali ko yayana ya canja suna ne, don sun bi takardar zaɓen sama da ƙasa ba su gan shi ba. Na shiga na duba da kaina, babu sunansa. Ashe da gari ya faɗaɗa ya haɗiye unguwannin gefe, an sake yanka iyakoki, aka ɓalle layukanmu na kan dutse aka liƙa su da wani yanki can gaba da unguwar Rusaifa, wanda ko bango ba mu haɗa ba. Sunayen da ke takardarmu ba mu taɓa jin ko ɗaya ba.

Yayana ya faɗi. Wanda ya ci a da'irarmu ban taɓa jin ya hawo dutsenmu ba, hanyar kuma tana nan yadda take. Na jira faɗa, bai zo ba. Washegari sai ga shi yana bin gidajen tsofaffin nan yana ba su haƙuri, wai laifinsa ne da ya wahalar da su.

'Yan'uwa, unguwar da muka sani ta zumunci daban, ta takarda daban, ku tsaya ku karanta kafin ku ja mutane. In kuma an aike ku ba ku yi ba, ku faɗa tun da wuri. Har yau yayana bai tambaye ni ko na duba taswirar nan ba, ni kuwa kullum muka gaisa sai in ji kamar yau zai tambaya.