Gayyar da Hajara Ta Kira a Gaban Bariki

Shekara goma sha biyu ke nan da zazzaɓin shawara ya ɗauke Hajara, 'yar ƙanwata. Bana aka soke bauta a ƙasar nan, mutanen garinmu Salbado sai rawa suke a titi, ni kuwa ita nake tunawa. Da tana nan, sai ta katse musu murna da tambaya: waɗannan da aka 'yanta, a ina 'ya'yansu za su yi karatu?

Ni tsohon ɗan dako ne, da ƙuruciyata aka ƙetaro teku da ni da ƙanwata daga ƙasar Hausa a matsayin bayi. Ita kuwa a nan aka haife ta, cikin Yarbawa ta tashi, Hausarta ma rabi Yarbanci ce, nakan ce mata tana ci min zarafin harshe. Tana makarantar horon malamai ta samu aikin hutun bazara a wata ƙaramar kwaleji da ke kan tudu, tana rubuta wa attajirai takardun neman taimako. Kwalejin na son buɗe aji don 'ya'yan bayin da suka riga suka fanshi kansu, amma ɗakin ba rufi, ba benci. Shugaban ya ce in hutu ya ƙare a haka, wani mai sayar da taba zai bai wa hayarsa.

Ta yi ta rubutu har yatsanta ya yi kanta. Da ƙyar wani mai sito ya ba da katako da kayan rufi, da sharaɗin a kwashe su daga gaɓar tekun da ake kira Agwa de Meninus kafin jirginsa ya iso. Ladan dako kuwa ba ruwansa, kwalejin ma ba ta da shi. Wanda ya taɓa hawan tudun garin nan da kaya a ka ya san abin da ake nufi.

"Kawu, a garinku in aiki ya fi ƙarfin mutum, yaya ake yi?"

"Gayya ake kira. A dafa abinci, kowa ya zo da ƙarfinsa."

Sai da na faɗa na gane inda ta dosa. Na ce, "Ke Hajara, a wannan gaɓar, gaban barikin sojan doki, za ki tara baƙar fata? Nan fa aka karkashe 'yan'uwanmu lokacin boren bayi."

Ta ce, "Shi ya sa su zan fara rubuta wa, Kawu."

Ta rubuta wa hukuma cewa ƙarfin wuyanmu gudummawa ce ga kwaleji, daidai da katakon attajiri. Izini ya fito, amma ban da ganga.

Ranar Lahadi Hausawa da Yarbawa suka cika gaɓar, mata na suyar ƙosai. Muka jera da katako ta gaban bariki, sojoji na kallo, har wani ya ja dokinsa gefe muka wuce. Tun da na zo ƙasar nan ban taɓa jin kaina ya kai sama kamar ranar ba. Ita ma ta ɗauki falanki ɗaya, gammonta a karkace, na yi mata dariya har bakin kwaleji.

Ajin yana nan, bana ma ya cika har ƙofa. Ita ko shekara biyu ba ta yi tana koyarwa a cikinsa ba, wannan kam yana min ciwo har yau. Rufin ya fara yoyo, don haka na kira gayya ranar Lahadi mai zuwa. Wuyana ya tsufa, amma na naɗa gammona. Wannan karon, Hajara, da ganga za mu hau.