Katakon da Na Sayar wa Malamina

Ni ɗan manomi ne daga wani ƙauye kusa da Jabo, a ƙasar Tambuwal. Ba zan faɗi sunana ba, domin iyayena suna raye, kuma kunyar da suka sha ta ishe su. Na yi karatun allo a hannun wani malami a Jabo, daga baya na yi boko har na samo digiri a fannin gandun daji. An san ni da tsoro tun ina ƙarami. Ko ƙofa na rufe sai na koma na duba sau biyu. Ina faɗin haka ne don kada wani matashi ya zaci sai mai taurin kai ke zama macuci.

Da na gama bautar ƙasa aiki bai samu ba. Sai na tuna abin da aka koya mana, cewa itatuwan da ake rainawa, irin su maje da rimi da turare, suna da kasuwarsu in an san inda za a kai su. Ana yin bencin makaranta da su, da teburin mai shayi, da katakon da magina ke tare kankare. Na riƙa sayen itace a gonakin mutane a wajejen Kebbe da Fakku, in karɓi takardar izini daga malaman daji, in ɗauko mai injin yanka ya tsaga min, in kai rumfata a kasuwar Tambuwal. Ribar ba ta da yawa, amma ina jin da na tsaya a nan da ta riƙe ni.

Wata ranar kasuwa wani mutum ya ɗaga katakon maje wanda cikinsa ya yi ja-ja, ya ce, "Wanga maɗaci na?"

Na san ba shi ba ne. Maɗaci katako ne mai ƙarfi da tsada, gara ba ta cika kusantarsa ba. Maje kuwa ƙwaro na shigarsa cikin sauƙi. Amma sai na ce, "Kai dai duba da kanka." Ya duba, ya biya kuɗin maɗaci, ya tafi. Na yi ta gaya wa kaina ai ban yi ƙarya ba. Har yau ban tabbata ko a ranar na yarda da wannan hujjar ba.

Tsofaffin kafintocinmu ba a cutarsu da launi. Suna kankaro katako da wuƙa su ɗora a harshe, in sun ji ɗaci su ce maɗaci ne. Wannan ne ya sa na yi dabarar da ta kai ni gidan yari. Na haƙa dogon rami a bayan wani kango, na shimfiɗa leda, na dafa sassaƙen maɗaci a duro har ruwan ya yi jawur, na zuba, na jiƙa katakon maje kwana uku. Ya fito da launin maɗaci da ɗacinsa. Wani dattijon kafinta ya ɗanɗana, ya tofar, ya ce, "Kai, ɗan boko, ina kas samo na ƙwarai haka?" Na yi dariya.

Daga nan na daina neman takarda. Na riƙa shiga gandun gwamnati ina ɓare itatuwan maɗaci masu rai saboda sassaƙe, wasu har suka bushe a tsaye. Ni da na karanci yadda ake raya su.

Ana cikin haka Malamina na Jabo ya zo rumfata. Gidansu gidan malanta ne, kuma yana da wani ɗaki da yake ajiye littattafan da kakansa ya rubuta da hannu, kowanne cikin gafakarsa ta fata. Rufin ƙasa na ɗakin ya fara yoyo, Malam yana so ya mayar da shi na kwano. Bai zo da kafinta ba. Na miƙa masa wuƙa, wataƙila don in raba laifin da shi, ya ture hannuna.

Ya ce, "Mi zan ɗanɗana, ɗana? Kai ka karanci icce. Ba ni katakon da zai riƙe littattafan ga bayan raina."

A ranar babu komai a rumfar sai jiƙaƙƙen maje. Da na ce ya ba ni mako guda in nemo masa maɗaci na gaske, da ya jira. Amma na ji tsoron ya tambaye ni, to waɗannan da ke jere fa, mene ne su? Na ɗora masa a mota da hannuna. Har ragi na yi masa, ya yi ta sa min albarka.

Daga ranar ban sake samun natsuwa ba. Duk lokacin da hadari ya haɗo ta gabas, sai in ji zama ya gagare ni. In hau babur in tafi Jabo da sunan gaisuwa, in zauna a ɗakin littattafan, Malam yana magana ni kuwa idona yana sama. An buga silin, ba a ganin katakon. A damina ta biyu na fara ganin wani farin gari mai laushi yana zubowa ta gefen bango. Na san garin, ƙwaro ne ke cin itace daga ciki.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ko za a mayar da littattafan nan wani ɗaki na ɗan lokaci?"

Ya ce, "Don mi? Nan ne ɗaki mafi aminci a gidan ga. Ko ka ga wani abu?"

Na ce, "A'a, ba komai. Na dai faɗa ne."

Sau uku ina zuwa da niyyar faɗa masa, sau uku ina komawa da maganar a bakina. Nakan ce bari rani ya yi in canza katakon a asirce, in ce gyara ne. Rani ya zo ya wuce ban yi ba, domin ban san abin da zan ce wa kafintan da zai cire silin ba.

A damina ta uku, wata rana da la'asar, Malam ya tafi jana'iza Dogon Daji. Iska ta taso da ruwa mai ƙarfi. Ƙusoshi ba su da abin riƙewa a cikin katakon da ya zama gari, sai rufin ya ɗaga gaba ɗaya ya faɗa bayan gida. Matan gidan sun yi ƙoƙari, amma silin ya rufto a kan gafakun. Tawadar da magabata suka yi rubutu da ita irin tamu ce ta gargajiya, wadda ruwa ke wankewa.

Kafintan da ya zo duba ɓarnar ya karya katako ɗaya a gwiwarsa. Jan launin bai wuce kaurin farce ba, ciki fari fat. Kafin mako ya zagayo labari ya kai Tambuwal da Kebbe, duk wanda ya taɓa sayen katako a wurina ya hau rufinsa da wuƙa. Su ne suka kai ni ƙara, malaman daji suka ƙara da tasu. Malam bai je kotu ba. Da alƙali ya tambaye ni, na amsa laifina, aka ɗaure ni shekara biyu.

Ba zan tsawaita kan gidan yari ba. Akwai yunwa da cunkoso da ƙaiƙayi. Abin da na fi tunawa shi ne ko a can, in aka fara ruwa, sai in tashi in yi ta zagaye a ɗan filin da ke tsakanin tabarmi, har abokan zama su ce in zauna ko su zaunar da ni.

Da aka sake ni na yi kwana tara kafin in iya zuwa Jabo. Na tarar da Malam a zaure, ya tsufa fiye da yadda na bar shi. Na durƙusa na nemi gafara. Ya sa aka ɗauko wata gafaka, ya buɗe a gabana. Takardun sun manne, sun yi launin toka, sai ɗan jan wasali nan da can.

Ya ce, "Haƙƙina na yahe maka tun kana can. Sauran littattafan na san su, ina rubuta abin da na tuna. Amma wanga ban taɓa karanta shi ba. Ina ta cewa sai na samu natsuwa. Ban san abin da ke ciki ba, balle in san abin da zan yahe."

Yanzu na koma sana'ata da takardar izini. Ina sayar da maje da rimi da turare da sunansu, ina gaya wa mai saye abin da za su iya ɗauka da abin da ba za su iya ba. Wasu suna saye, wasu suna tuna ko ni wane ne su wuce. Ina roƙon Allah Ya karɓi tubata.

Ban isa in yi wa kowa wa'azi ba, amma ƙannena, ku ji wannan daga gare ni. In mai saye ya tambaye ku, ku ba shi amsa, kada ku ce ya duba da kansa. In kuma kun riga kun yi kuskuren, ku je ku faɗa yau, tun rufin yana sama. Na zauna a ƙarƙashin nawa rufin sau uku, mai ɗakin yana tambayata ko na ga wani abu, na ce masa ba komai.