Allunan da Inna ta Sayar

Ranar wata Alhamis cikin zafin 2012, ina ’yar shekara tara, na’urar sanyaya ɗakinmu a unguwar Manfuha ta birnin Riyad ta mutu, aka cire ta aka bar rami a bango. Maƙwabcinmu Baba Ilu, mutumin Damagaram mai fentin gidaje, ya kawo wani falankin katako a toshe. Inna na tankaɗen lalle ina riƙe mata tire, sai ta ce a juyo katakon. A bayansa an zana mata uku a bakin rijiya, ba ido ba hanci, ruwan ja ne, sararin sama kore. Ni da ƙanena muka bushe da dariya. Inna kuwa ta daɗe tana kallo, sannan ta ce wannan ba zai toshe rami ba, a nemo kwali.

Inna dillaliya ce tun a Katsina, kuma ba ta bar sana’ar ba da ta biyo mahaifinmu, wanda ke tuƙi a Riyad. Tana shiga gidajen Larabawa yin ƙunshi, jakarta cike da turare da atamfa. Ba ta yi boko ba, Larabcinta ma na cefane ne, amma takan ce, “Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.” Ta naɗe allon a tsohuwar darduma ta fita da shi, ta dawo babu shi, ta sayar.

Daga nan falonmu ya koma rumbun zanukan Baba Ilu. Alluna a bayan kujera, alluna a ƙarƙashin gado, warin fenti har cikin tuwo. Mukan hau rufin bene mu yi carafke da ƙwallayen dabino, a gefe zanuka na shan iska, kuma duk wanda ya taɓa ɗaya zai gamu da Inna. Ita ta hana Baba Ilu zana raƙuma da dabinai don burge masu saye, ta ce ya zana abin da ke hana shi barci. Ita ta tilasta masa sa hannu a ƙasan kowane allo. Ta jawo wani Basudane mai walda da wani ɗan Maraɗi, su ma ta riƙa fitar da nasu. In zane bai yi mata ba, ko kallo na biyu ba ya samu, kuma ba ta iya rarrashi ba.

Ƙa’idar dillanci ita ce ba a haɗa mai kaya da mai saye. Shekara uku tana riƙe da wannan, har wata mai sayenta, Ummu Fahad, ta ce za ta baje zanukan a wani zaure a unguwar Ulaya, mutane su san masu yin su. Inna ta san abin da hakan ke nufi, amma ta ce ba za ta tsare wa bayin Allah hanya ba. Ta ba da lambobin wayarsu.

Ranar buɗewa muka je cikin abayoyinmu na Idi. Ga allunan da na sani a ƙarƙashin gado, kowanne da fitilarsa. Aka miƙo mana ɗan littafi, Inna ta ba ni, tunda ni ce mai karatun Larabci. Na ga sunayen mazan uku, na ga dogon yabo ga Ummu Fahad wadda ta gano su.

“Ina nawa?” in ji Inna.

Na ce babu.

“Duba baya, Hadiza. Wani lokaci a baya suke sawa.”

Na duba, na sake dubawa. Lokacin nan Ummu Fahad ta iso da fara’a, ta gabatar da Inna ga ƙawayenta a matsayin mai yi mata lalle. Na ji kamar in yi ihu, amma iƙamarmu, takardar izinin zama, a hannun kafili take, Balaraben da ya tsaya mana, kuma an koya mana tun muna rarrafe cewa baƙo ba ya ɗaga murya. Har yau ina jin haushin kaina.

Yanzu mun dawo Katsina, idon Inna ya yi rauni, Baba Ilu ya rasu. Nakan ga zanensa a waya, masana na ta bayani a kai. Na rubuta musu sau biyu cewa Inna ce ta gano shi, suka tambaye ni takarda ko hoto, alhali dillaliya da baki take ciniki. Ni kaɗai na rage da zan ce na gani, kuma ko a gaban alƙali ba a karɓar shaidar ’ya ga uwarta.