Takardar da Teku ya Shanye

Lamarana ɗan Gine ne, shekararsa goma sha shida. Ranar da zai tafi Turai ta teku, uwarsa ta ɗinke takardar haihuwarsa cikin fata kamar laya, ta ɗaura masa a ƙugu. Da aka farke layar a Sifaniya, ashe ruwan teku ya shanye tawadar.

Aka ajiye shi a gidan yara, inda ba a karɓar wanda ya kai sha takwas. Likita ya ɗauki hoton ƙashin hannunsa don gano shekarunsa, ya rubuta sha tara.

Lamarana ya juya ga tafinta. "Kawu, gaya masa ɗaukar bulo ne ya tsofar da ni!"

Tafinta ya sunkuyar da kai. "Yaro, na'ura ba ta jin magiya."

Kafin la'asar an fitar da shi daga gidan yara. Daga bakin titi ya kira gida.

"Inna, sun ce ƙarya nake. Ba ke kika haife ni ba?"