Ƙanƙarar Baƙin Ɗanzomo

Lokacin da nake aiki a ɗakin binciken ciwon daji a Kano, an ba ni wata 'yar kwalba in kai wa abokin aikinmu a Damagaram. Furotin ne a ciki irin na jikin ɗan'adam, amma ƙwayoyin bakteriya aka sa suka haɗa shi. Mun daɗe muna jiran isowarsa, kuma da ya ji zafi ya lalace, don haka na binne shi cikin ƙanƙara a kula.

Na tsaya gida a Gumel in gaida Inna. Na ajiye kular a ɗakinta, na tafi masallaci, gaishe-gaishe suka riƙe ni.

Da na dawo na tarar da baƙi daga Ɗanzomo, kowa da kofin ruwan sanyi. A gidanmu ba a ba baƙo ruwan ɗumi alhali ga ƙanƙara.

Na ce, "Inna, ina kwalbar?"

Ta ce, "Abu mai daraja ba ya zama cikin ruwa, ɗan nan."

Ta ciro ta daga akwatin ƙarfenta, a naɗe cikin sabuwar atamfa, ɗumi-ɗumi. Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya.